Shayi Mai Madara a Gidan Bahaushe: Kayan Haɗinsa da Yadda Ake Dafa Shi

1.0 Gabatarwa

Abinci da abin sha suna daga cikin sassan al'ada da suka fi saurin karɓar baƙin abubuwa. A da, karin kumallon Bahaushe bai wuce koko da ƙosai ko kunu ko ɗumamen tuwo ko fura ba. A yau kuwa, da wuya a sami garin da ba shi da teburin mai shayi a ƙasar Hausa. Idan aka ɗauki garin Garo da ke ƙaramar hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo a yammacin jihar Kano, za a tarar yawancin mazaunansa manoma ne da 'yan kasuwa, kuma gero da dawa da masara su ne tushen abincinsu. Duk da haka shayi ya sami wurin zama a gidajensu, musamman a lokacin hunturu da watan azumi da ranar suna ko biki, da kuma lokacin da aka yi baƙo. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma shi shayi ya zo ya zauna.

Sai dai sau da yawa akan ji magidanci yana cewa shayin gida bai kai na mai shayi daɗi ba, alhali kuɗin da aka kashe wajen sayen madara da sukari ba kaɗan ba ne. Wannan babi zai yi bayani a kan asalin shayi da kayan haɗinsa da matakan dafa shi a gida. Manufar ita ce a nuna cewa ƙarfin shayi daga ganye yake fitowa, kaurinsa kuma daga madara, kuma kowannensu yana da awo da lokacin da ya dace da shi.

2.0 Asalin Shayi da Sunansa

Shayi ganyen wata bishiya ce da masana tsirrai suke kira Camellia sinensis, wadda asalinta daga yankin kudu maso yammacin ƙasar Sin ne. Daga wannan bishiya guda ake samun baƙin shayi da koren shayi. Bambancinsu a wajen sarrafawa yake. Baƙin shayi akan murza ganyensa a bar iska ta ratsa shi har ya rine kafin a busar da shi, koren shayi kuwa akan gasa shi ko a turara shi da wuri don kada ya rine. Baƙin shi ne ya dace da madara, domin ya fi launi da nauyi a baki. Koren shi ne wanda Buzaye suke dafawa a 'yar ƙaramar buta a kan gawayi, su sha shi sau uku ba tare da madara ba.

Sunan shayi kansa yana nuna hanyoyin da ya biyo. A yawancin ƙasar Sin ana kiran sa "ca". Wannan suna ya bi hanyoyin fatauci na tudu ya shiga Farisanci, daga nan ya shiga Larabci a matsayin "shay", sannan Hausawa suka ara suka ce "shayi". A gaɓar tekun lardin Fujiyan kuwa "te" ake cewa. 'Yan kasuwar Holan da suka fara kai shi Turai ta teku a farkon ƙarni na 17 wannan sunan suka ɗauka, kuma daga gare shi Ingilishi ya sami nasa, wanda Hausawa suka ara suka ce "ti". Ke nan Hausa tana da kalmomin aro biyu na abu guda, ɗaya ta hanyar Larabawa, ɗaya ta hanyar Turawa.

Turawan Ingila ne suka yaɗa nomansa a ƙasashen da suka mallaka. Sun buɗe gonaki a Asam ta Indiya a shekarun 1830, da Silon, wato Siri Lanka ta yanzu, a 1867, aka kuma fara dasa shi a Kenya a 1903. A Nijeriya, ana noman shayi a Kakara da ke kan tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda sanyi da yawan ruwan sama suka dace da shi, kuma daga can ake samun samfurin Highland Tea. Thomas Lipton kuwa ɗan kasuwa ne mutumin Sikotilan da ya sayi gonakin shayi a Silon a 1890. Sunansa ya shahara har ya zama Hausawa da yawa suna kiran kowane ganyen shayi na 'yar jaka da sunan Lipton, ko da wane kamfani ne ya yi shi.

3.0 Yadda Shayi Mai Madara Ya Shiga Gidaje

Shayi mai madara yana buƙatar abubuwa uku da ba a samar da su a gonar Bahaushe, wato ganyen shayi da sukari da madarar da ba ta saurin lalacewa. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sauƙaƙa shigo da kayan kanti daga bakin teku. An fara sayar da madarar gwangwani ta Peak a Nijeriya a 1954, amma gwangwani guda ya fi ƙarfin talaka ya riƙa sayensa kullum, kuma idan aka fasa shi ba ya jimawa a inda babu firji. Wannan ya sa shayi mai madara ya daɗe yana zaman abin teburin mai shayi a tasha da kasuwa, inda mutum zai sayi kofi guda gwargwadon aljihunsa.

Babban sauyi ya zo ne a 1993, lokacin da aka fara sayar da madarar gari ta Cowbell a ƙananan ledoji, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. Daga nan uwargida a gari irin Garo ta sami damar aiken yaro kanti ya sayo madarar kofi ɗaya ko biyu, da ƙullin sukari da 'yar jakar ganye. Ta haka dafa shayi ya shiga jerin ayyukan madafin gida.

4.0 Ƙarfi da Kauri da Zaƙi

Kafin a shiga bayanin dafawa, ya kamata a rarrabe wasu siffofi uku da akan cakuɗa. Ƙarfin shayi shi ne yawan abin da ruwan zafi ya tatso daga ganye, wanda ake ganewa ta jan launi da ƙamshi da ɗan baurin da ke kama harshe. Kauri kuwa nauyin da madara take ba shi ne. Zaƙi aikin sukari ne. Shayin da ba a sa masa madara ba, shi ake yi wa laƙabi da ruwan bunu, wanda aka cika wa madara kuma a ce da shi kakkaura ko mai kauri.

Ganyen shayi yana ɗauke da sinadarai biyu muhimmai. Na farko shi ne kafeyin, mai wartsake jiki da kore barci, wanda yake saurin narkewa a ruwan zafi. Na biyu su ne sinadaran da ake kira tanin, masu ba da launi da bauri, waɗanda suke fita a hankali. Idan aka tsame ganye da wuri, shayi zai zama tsararo mai fatsi-fatsi. Idan kuma aka bar shi yana ta tafasa, tanin zai yi yawa, ɗaci ya danne ƙamshi. Ita madara tana da furotin da yake kama tanin ya rage baurinsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa shayin da za a sa wa madara yake buƙatar ya fi ruwan bunu ƙarfi. Idan ganye ya yi kaɗan, madara za ta shanye ɗanɗanonsa gaba ɗaya, sai a wayi gari ana shan ruwan madara mai zaƙi da sunan shayi.

Ƙa'idar da za a riƙe ita ce, mai son shayi mai ƙarfi ganye zai ƙara, ba lokacin tafasa ba.

5.0 Kayan Haɗi da Kayan Aiki

5.1 Ruwa: Ruwa shi ne kaso mafi yawa a cikin kofi, don haka ɗanɗanonsa yana bayyana a shayi. Ruwan rijiya mai zartsi yakan dusashe launin shayi ya kuma sa wani yanayi mai kama da maiƙo ya taso a samansa. Ruwan da ya kwana a jarkar da aka taɓa zuba kalanzir ko mai a ciki ba ya rabuwa da wari. An fi son ruwan sha mai tsabta na randa ko na famfo ko na burtsatse.

5.2 Ganye: Akwai na warwara da ake aunawa da cokali, akwai kuma na 'yar jaka mai zare. Kowace jaka tana ɗauke da kimanin giram 2. Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ɗanɗana shayi a 1980, inda ta ajiye giram 2 na ganye ga kowace mililita 100 ta ruwa. Bisa wannan awo, kofi mai cin mililita 200 yana buƙatar giram 4, wato jaka biyu ko ƙaramin cokali biyu a cike. Ganye yana jan danshi da warin abin da ke kusa da shi, saboda haka a adana shi a gwangwani mai murfi, nesa da daddawa da sabulu da turare.

5.3 Madara: Iri uku ake amfani da su. Madarar gari ta fi sauƙin ajiya. Madarar gwangwani ta ruwa, wadda aka ƙone kusan rabin ruwanta a masana'anta, ta fi ba da kauri. Sai kuma ɗanyar madarar shanu da ake samu a wurin Fulani, wadda wajibi ne a tafasa ta kafin a sha, domin tana iya ɗauke da ƙwayoyin cututtuka irin su tarin fuka. Nono da kindirmo ba su dace da shayi ba saboda tsaminsu. Yana da kyau a riƙa karanta rubutun da ke jikin leda ko gwangwani, domin wata madarar an cire mata man shanu an maye shi da man tsirrai, wani garin kuma ba madara ba ne, farin shayi kawai yake sawa.

5.4 Kayan ƙamshi: Hausawa sukan sa citta da kanumfari da masoro da kimba da kirfa da na'ana'a. Waɗannan ba dole ba ne, kuma idan suka yi yawa sukan rufe ƙamshin ganyen. Ɗan yankin citta da kanumfari uku ko huɗu sun ishi butar iyali.

5.5 Kayan aiki: Ana buƙatar buta ko tukunya mai murfi wadda aka keɓe don shayi kawai, da rariya, da cokali, da kofuna biyu manya na shiƙa, da filas idan za a ajiye. Tukunyar da aka dafa miya a cikinta takan bar maiƙo da ƙanshin albasa ko da an wanke ta.

6.0 Matakan Dafawa

Za a ɗauki misalin gidan da za a haɗa wa mutum biyar shayi. Ana buƙatar lita ɗaya ta ruwa, wato daidai da ruwan leda biyu, da jakar ganye takwas zuwa goma, ko ƙaramin cokali takwas zuwa goma na ganyen warwara.

Mataki na farko, a zuba ruwan a buta tare da dakakkun kayan ƙamshi, a rufe, a ɗora a wuta. Kayan ƙamshi ne ake fara sawa saboda busassun saiwoyi da 'ya'yan itace sun fi ganye jinkirin sakin ƙamshinsu. A bar su su tafasa na minti biyar zuwa goma. Idan da itace ake dafawa, a bari wutar ta kama sosai hayaƙi ya lafa, kuma kada a buɗe murfin, domin ruwa yana saurin ɗaukar warin hayaƙi.

Mataki na biyu, a tabbatar ruwan ya tafasa sosai, wato zafinsa ya kai kusan digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Ruwan da ya yi ɗumi kawai ba ya iya tatso launin baƙin shayi. Wannan ne ya sa shayin da aka haɗa da ruwan filas da ya kwana yake fitowa lami.

Mataki na uku, a zuba ganyen, a sauke butar ko a janye itacen, a mayar da murfi, a bar shi ya jiƙa na minti huɗu zuwa biyar. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa. Wanda ya tsoma jaka ya fitar cikin rabin minti ya yi asarar ganyensa.

Mataki na huɗu, a tace da rariya ko a tsame jakunkunan. Shayin da ya yi daidai yakan fito ja mai duhu, amma ana iya hango ƙasan cokali idan aka ɗebo shi. Idan filas za a zuba, to a zuba tataccen ruwan kawai, a ɗauraye filas ɗin da ruwan zafi tukuna.

Mataki na biyar, a kawo madara. Idan ta gari ce, a dama babban cokali biyu da ɗan ruwan ɗumi a cikin kofi har ta narke, sannan a zuba shayin a kai, don kada ta yi gudaji. Idan ta gwangwani ce, babban cokali biyu zuwa uku ya isa kofi guda. Launin da ake nema shi ne ruwan ƙasa mai haske. Idan ya koma fari, madara ta rinjayi ganye.

Mataki na shida, a sa sukari kaɗan, a juya, a ɗanɗana, sannan a ƙara idan da buƙata. Madara tana da nata zaƙin, saboda haka sukari ne ƙarshen shiga.

Mataki na bakwai, a shiƙa shayin tsakanin kofuna biyu kamar yadda masu shayi suke yi. Shiƙa tana gauraya kayan haɗin, tana tayar da kumfa, tana kuma rage zafi.

Akwai wata hanyar da ta shahara a Indiya da Afirka ta Gabas, inda ake haɗa ruwa da madara da ganye da kayan ƙamshi a tukunya guda a dafa su tare. Wannan hanya ta dace da ɗanyar madarar shanu, tun da dama tana buƙatar tafasawa. Sharaɗinta shi ne a rage wuta, a riƙa juyawa, kada a matsa daga wurin, domin madara tana saurin zubowa da kamawa a gindin tukunya.

7.0 Kurakuran da Aka Fi Yi

Kuskure mafi yawa shi ne tsimin ganye da yawaita madara. Gida yakan sa jaka ɗaya a butar mutum biyar, sannan a yi ta ƙara madara da sukari da garin koko irin su Bournvita ko Milo don a sami ɗanɗano. A wajen kuɗi wannan asara ce, domin ganye ya fi madara araha nesa ba kusa ba. Ƙarin jaka biyu ko uku yakan rage yawan madarar da ake buƙata.

Kuskure na biyu shi ne barin ganye a cikin buta ko filas tun safe har hantsi, abin da yake mayar da shayin baƙi mai ɗaci. Na uku, ajiye shayin da aka riga aka sa wa madara na tsawon awoyi, wanda yake sa shi ya canza ɗanɗano ko ya lalace, musamman a lokacin bazara. Na huɗu, matsa lemon tsami a shayi mai madara, alhali tsami yana tsinka madara nan take. Lemon tsami na ruwan bunu ne kawai.

8.0 Shayi da Lafiyar Iyali

Ƙaramin cokali ɗaya na sukari yana kai kimanin giram 4. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu a yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babban mutum, kuma an fi so ya tsaya a rabin haka. Mai sa cokali huɗu a kofi, yana sha safe da dare, ya cinye kashi biyu cikin uku na wannan adadi a shayi kaɗai. Masu ciwon sukari kuwa sai su bi abin da likita ya tsara musu.

Haka kuma, tanin yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki yake tsotsa daga abinci irin su wake da zogale da alayyafo, kuma da wannan sinadari jiki yake gina jini. Don haka an fi so mata masu juna biyu da yara da masu ƙarancin jini su bar tazarar kimanin awa guda tsakanin cin abinci da shan shayi. Jariri da bai kai wata shida ba kuwa ba a ba shi komai sai nonon uwa. Daɗin daɗawa, a 2016 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yawan shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 yana iya jawo cutar daji a maƙoshi. Ashe shiƙar da mai shayi yake yi tana da amfanin da ya wuce ƙawa.

9.0 Amfanin Darasin ga Malamin Hausa

Malami zai iya amfani da wannan batu ta fuskoki da dama. A darasin insha'i, dafa shayi misali ne mai sauƙi na rubutun bayani, domin yana koya wa ɗalibai jera matakai da amfani da kalmomi irin su "da farko" da "daga nan" da "bayan haka". A darasin aron kalmomi, teburin shayi cike yake da misalai: shayi da sukari daga Larabci, kofi da filas da burodi da tebur ta hanyar Ingilishi, alhali madara da rariya da shiƙa tsofaffin kalmomi ne da aka faɗaɗa ma'anarsu. A darasin ƙa'idojin rubutu kuwa, kalmomin "kauri" da "ƙauri" sun isa nuna muhimmancin ƙugiya. Shayi mai kauri yabo ne, shayi mai ƙauri kuwa wanda madararsa ta kama ne ko hayaƙi ya shige shi. Bugu da ƙari, malamin da ke aiki a karkara yana cikin mutanen da iyaye suke sauraro, saboda haka zai iya isar da bayanin sukari da tafasa madara zuwa gidajen ɗalibansa.

10.0 Kammalawa

An ga yadda shayi ya taso daga ƙasar Sin ya iso ƙasar Hausa ta hanyoyi biyu, da yadda samuwar madara mai araha ta shigar da shi gidaje a garuruwa irin su Garo. An kuma bayyana cewa kyakkyawan shayi mai madara ya dogara ne a kan ruwa mai tsabta da ya tafasa, da ganye isasshe da aka jiƙa na minti huɗu zuwa biyar, da madara daidai gwargwado, da sukari kaɗan a ƙarshe. Gidan da ya kiyaye wannan tsari zai rage kashe kuɗi, ya kare lafiyar iyalinsa, ya kuma fita kunyar baƙonsa.

Tambayoyin Bita

1. A bayyana hanyoyi biyu da kalmomin "shayi" da "ti" suka biyo kafin su shigo Hausa.
2. Mene ne bambancin ƙarfin shayi da kaurinsa?
3. Me ya sa ake fara dafa kayan ƙamshi kafin a zuba ganye?
4. A kawo kurakurai uku da ake yi wajen haɗa shayi a gida tare da hanyar gyara kowanne.
5. A tsara darasin minti arba'in na rubutun bayani ga 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, a kan yadda ake dama koko ko kunun gyaɗa, bisa tsarin matakan da aka bi a wannan babi.